Gansakuka da Tayil Sittin

Uwarta ce ta laƙaba mata sunan, kuma ya bi ta har cikin jami'a. Ba don ƙazanta ba, ko alama. Mace ce da ba ta taɓa cokali sai ta wanke hannu da sabulu. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka ɗauke ta karatun digirin digirgir ta zauna a tsakar gida tana yi wa iyayenta bayanin abin da za ta bincika. Ta yi kusan rabin awa tana zuba, da baki da hannu da ido, Inna tana ninke wanki tana gyaɗa kai. Da ta kai aya, Inna ta ɗago ta ce, "Wato dai gansakuka." Shi ke nan fa. Kafin mako ya zagayo har mai kantin bakin layi Gansakuka yake ce mata, da ladabinsa kuma.

Tsakani da Allah, Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. In ka ce wa mutane kana karatun halittun teku, hankalinsu kan tafi ga manyan kifayen nan da ake nunawa a talabijin, masu tsalle suna feso ruwa. Ita ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Nata rabon shi ne tarkacen da ke manne wa duk abin da aka bari a ruwa: gindin jirgi, ƙafafun gada, igiya, tsohuwar taya. Akwai gansakukar kanta, akwai soso, akwai tsutsotsi masu gina wa kansu bututu, sai kuma wasu 'yan halittu masu farin ɓawo kamar haƙoran jariri, waɗanda take kira 'yan manne. A tashar jiragen ruwa akwai ƙarti da ake ɗauka aiki musamman don su kankare wannan ƙazanta su zubar. Ita kuwa ƙirga ta take yi, ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a littafi.

Ba da niyya ta shigo harkar ba. Likitanci ta nema, aka duba makinta aka nuna mata inda ta dace, ta ci kukanta ta ƙoshi, ta tafi. Shekarar farko ta yi ta ne kamar mai zaman gidan yari. A ta biyu aka ba su ɗan dutse a kwano da ruwan teku, aka ce kowa ya leƙa ta madubin ƙara girma ya zana abin da ya gani. Ta leƙa. Sai ga ɗan manne ya buɗe ɓawonsa, ya fito da wasu siraran ƙafafu yana ta shure-shure. Malamin ya ce wannan halitta tun tana ƙarama take liƙa goshinta a jikin dutse, ba ta ƙara gusawa har ta mutu, sai dai ta riƙa shuro abinci zuwa bakinta da ƙafa. Gansakuka ta ce, a fili kuma, "Wallahi na san mutum uku a danginmu haka." Aka kore ta daga ajin. Washegari ita ce ta farko a bakin ƙofa, kuma tun daga ranar ba ta sake zancen likitanci ba.

Ta gama digirin farko, ta yi na biyu, ta koyar a sakandare shekara bakwai tana zana kifi a allo ga yaran da barci ya fi damunsu, ta auri wani direban motar asibiti mai sanyin hali. Tana da shekara talatin da biyu ta koma. Jami'ar tana da doka guda da ba a yi mata kwana: shekara shida, ko ka kare kundinka ko ka tattara ka ba mutane wuri. Sannan a cibiyar binciken teku da ke bayan tashar akwai kujerar mai bincike da aka ce tata ce, muddin ta kawo takardar shaida kafin shekararta ta shida ta cika. Ta je ta kalli kujerar nan ya fi sau goma, har ta taɓa zama a kai wata rana da babu kowa a ofishin. Tana son aikin nan so na fitar hankali, ba ta kuma ɓoye wa kowa.

A gidansu mutum ɗaya ne bai taɓa yi mata dariya ba, shi ne Baba. Baba mai sa tayil ne, shekara arba'in yana durƙushe a ɗakunan mutane, har gwiwoyinsa suka yi kanta, suka kuma daina jin magana. Uwata yake kiranta. Bai fahimci ko kalma ɗaya daga cikin karatun ba, amma duk gidan da ya shiga aiki sai ya sanar da masu gidan cewa 'yarsa tana karatun teku, da irin muryar da za ka ɗauka tekun aka damƙa mata gaba ɗaya ta riƙa kula da shi. Abin alfaharinsa na biyu shi ne banɗaki. Banɗakin da Baba ya yi ba ya baƙi, ba ya kore, ko da masu gidan ƙazamai ne na bugawa a jarida.

Binciken nata ba shi da wuyar faɗi. Akwai wata masana'anta da ke sako ruwanta ta wani ƙaton bututu a gefen tashar. Tambayar ita ce, wannan ruwa yana hana halittu zama ko ba ya hanawa? Za ta rataye tayil talatin a ƙarƙashin gadar da ke bakin bututun, wasu talatin kuma a ƙarƙashin wata gada can nesa wajen duwatsu, inda ruwan yake garau. Sai ta bar su shekara biyu da rabi, tana duba abin da ya zo ya tare a kan kowane.

Da ta ce wa Baba tayil take so, har sittin, saura kaɗan ya miƙe ya taka rawa da gwiwoyin nan. Yau dai ga shi tsundum a cikin karatun teku. Sai ta ƙara da cewa na jan yumɓu take so, mai kaushi, marar sheƙi, mafi araha a kasuwa.

Ya ce, "Haba Uwata! Wanda ko a ɗakin kaji ba na sawa?"

"Shi fa, Baba. A yanka shi kamar tafin hannu biyu, a huda kowane a kusurwa."

"Manyan malamai za su gani fa."

"Tsutsa ce za ta fara gani."

Ya yi tsaki, ya ce ta zo ran Alhamis. Ita kuma ran Laraba mai kwale-kwalen da take haya ya kira ta ya ce gobe da sassafe ruwa zai janye sosai, irin janyewar da sai bayan mako biyu za a sake samu. Ta garzaya gida. Baba ya fita, tayil kuwa ga su nan a katan biyu, talatin-talatin, an yanka an huda tsaf. Ta sa aka ɗora mata a mota ta wuce. Daga baya Inna ta gaya mata cewa da Baba ya dawo ya tarar an kwashe, ko abinci bai ci ba ranar. Gansakuka ta ɗauka biki ya so a yi wajen miƙa kayan, ta yi dariyarta ta manta. Washegari katan ɗaya ya tafi bakin bututu, ɗayan ya tafi wajen duwatsu.

Daga nan aka shiga wahala ta gaske. Duk wata, ranar da ruwa ya janye, za ka gan ta cikin takalmin roba har gwiwa, a kwance a bakin kwale-kwale a ƙarƙashin gada, tana jawo igiya. Ta ɗago tayil, ta ɗauke shi hoto, ta ɗora masa 'yar raga ta ƙirga abin da ke cikin kowane gida, ta mayar da shi kafin rana ta kashe mata jama'a. Sau sittin. Ɓawon 'yan manne kuwa reza ce, yatsunta duk sun zama taswira. Ga wari. Masu tasi sun gane ta, da sun hango ta da bokiti sai su ƙara wuta. Mijinta, wanda ya kwashi marasa lafiya iri-iri a motarsa shekara goma sha biyar, ya rantse bai taɓa jin abin da ya kai jakar matarsa ba, ya kafa mata ƙusa a bayan gida inda za ta riƙa rataye ta.

Sai kuma Farfesa, malamin da ke duba aikinta. Masanin teku ne da ake ji da shi, amma an fi shekara ashirin rabon da ruwan gishiri ya taɓa ƙafarsa. Yana zaune a ofis mai sanyi kamar firji, da jan biro a hannu, yakan ɓatar da babi guda sukutum, in ka zo nema ya tambaye ka dalilin da ya sa ba ka kawo ba. A shekarar farko ko sunanta bai riƙe ba, Malama yake ce mata. Ranar da ta shimfiɗa masa hotunan wata na goma sha biyu ne ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Don kuwa abin a fili yake, ko makaho ya shafa zai gane. Tayil na wajen duwatsu sun yi gemu, sun yi nauyi, sai da hannu biyu ake ɗaga su. Na bakin bututu kuwa fes, sai ɗan yauƙi da 'yan manne biyu-uku da suka yi ɓatan kai. Farfesa ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta irin wannan ba. Ya ɗauki hotunan ya hau jirgin sama ya je wani babban taro, ya nuna su, sunansa a gaba nata a baya, aka tafa masa. Ya dawo ya riƙe sunanta daram. Ita kuma ta ciro tayil ɗinta bayan shekara biyu da rabi, ta busar, ta shekara tana rubutu. Ta miƙa kundi saura wata shida wa'adinta ya cika, aka sa ranar karewa.

Saura mako uku ta ce bari ta kawo Baba ya ga inda tayil ɗinsa suka ƙare. Ya sha farar riga, ya hau bene hawa biyu yana hutawa a kowace kwana, bai yarda ta riƙe shi ba. Da ya shiga ɗakin gwajin bai kalli madubai ba, bai kalli kwalabe masu kifi a ciki ba. Ƙasa ya kalla, ya ce wanda ya sa wannan tayil Allah ya isa tsakaninsa da jami'a. Sannan ta kai shi gaban dogon tebur, inda sittin ɗin suke jere layi biyu.

Ya tsaya a kan layin masu tsabta. Fuskarsa ta washe. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shafa da babban yatsa.

"Allahu akbar! Shekara biyu da rabi a ruwan gishiri! Uwata, kin ga aiki? Mai shagon ya ce shekara biyar yake yi, na ce ƙarya yake. Ashe da gaskiyarsa."

Ta ce, "Me ke shekara biyar, Baba?"

"Maganin mana. Na hana gansakuka, wanda nake shafa wa banɗaki. Shafi uku na yi wa kowane, gaba da baya, har cikin hujin. Da ya bushe ba mai ganewa. Ai ba zan bari ki kai tayil ruwa tsirara ba."

Sai ya juya ga ɗaya layin, masu gemu, murnar ta zube daga fuskarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Waɗannan kuwa ki yafe mini. Gwangwanin ne ya ƙare a katan ɗaya. Na fita sayo wani, na dawo na tarar kin kwashe. Shekara uku da wani abu abin nan yana cina, na kasa gaya miki. Dubi yadda suka lalace, don Allah."

Gansakuka ta dubi layukan nan biyu. Wato ba ruwan masana'anta ne ya kori halittun ba. Ko kuma shi ne, wa ya sani? Ba wanda zai iya sani yanzu. Tayil talatin masu magani sun tafi bakin bututu, talatin marasa magani sun tafi ruwa mai kyau, kuma abin da ta shekara biyu da rabi tana aunawa shi ne ingancin maganin banɗakin ubanta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, da ta juye katan biyun nan wuri ɗaya ta gauraya kafin ta raba, da tun watan farko ta ga alama. Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa ɗan aji ɗaya. Ita da kanta ta koya wa wasu shi, da alli a hannu, tana harara.

Ta buɗe baki ta ce, "Ba komai, Baba. Na yafe."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu. Ta raka shi ya hau mota. Ta dawo ta ɗebo ruwa a ƙoƙon shayi, ta ɗiga a kan tayil mai gemu, ya shanye nan take. Ta ɗiga a kan mai tsabta, ɗigon ya tsaya ƙyam yana kallonta. Ba ta taɓa gwada haka ba, don ba ta taɓa zargin tayil ɗin kansu ba. Ta zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin da Baba ya tsine wa wanda ya sa shi, ta yi kuka mai majina.

Da yamma ta gaya wa mijinta, yana wanke motar asibitin a ƙofar gida. Ya kashe famfo, ya duba hagu ya duba dama.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da Baba."

"Baba bai ma san ya sani ba. Saura ke. Ke kuma mantuwa gare ki, jiya ma kin bar tukunya a wuta."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Masana'antar nan ke ma kin san dafi take zubarwa. Ai ba sharri kika yi mata ba."

"A raina na sani. A takarda ban sani ba."

Ya ce, "To ni dai ranki na aura, ban auri takarda ba. Mako uku ne fa kacal. Ki karɓi abinki, ki hau kujerarki, in ya so daga baya ki rataye tayil dubu."

Kada wani ya ɗauka Gansakuka waliyyiya ce. Ta ji maganar nan ta zauna mata daidai, ta kuma yi shiru har kwana tara. Ta je an auna ta rigar bikin yaye ɗalibai. Ta tsaya gaban madubi tana gwada jawabinta, in ta zo kan hotunan nan biyu sai ta yi sauri ta wuce. Inna ta gayyaci duk wanda ta taɓa gaisawa da shi. Baba kuwa, da nauyin shekara uku ya sauka daga kansa, har ƙiba ya fara.

A rana ta goma Farfesa ya kira ta ofis, yana ta fara'a. Ya ce ya samo sababbin ɗalibai biyu da za su ɗora daga inda ta tsaya, kowane da tayil ɗinsa, kowane shekara uku a ƙarƙashin gada. Ya ce ta zama tushe, wasu za su yi gini a kanta. Ita kuwa yatsunta take kallo. Ta san abin da zai faru sarai. Mutum biyu za su kwanta a kwale-kwale shekara uku, su ɗago tayil su ga bai yi kama da nata ba, su ɗauka su ne dolaye. Kuma Farfesa zai tabbatar musu da hakan da jan biro.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana."

Ta faɗa masa duka, a tsaye. Ya yi salati. Ya tashi ya rufe ƙofa, kuma abin da ya fara fitowa daga bakin babban masanin shi ne, "Mutum nawa suka sani?" Ashe shi da direban motar asibiti makaranta ɗaya suka yi. Ya ji abin da ya faɗa, ya ji kunya, ya mayar da kunyar faɗa.

"Na tsaya gaban mutum ɗari huɗu da hotunan nan! Wane jahili ne ya shafa wa kayan bincike magani?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe. Kuma ba jahili ba ne, shi nasa aikin ya yi kyau. Jahilar ita ce wadda ba ta gauraya katan ba."

Farfesa ya koma ya zauna. Can ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Babin nan sau huɗu na karanta shi. Ko sau ɗaya ban tambaye ki yadda kika raba su ba."

A yi masa adalci, mutumin ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya fito daga sanyinsa, ya bi ofis-ofis cikin rana yana gumi, ya rubuta wa masu taron nan wasiƙar janye magana da hannunsa, ya roƙo mata ƙarin shekara biyu, aka ce daga su babu ƙari ko na kwana ɗaya. Aka soke ranar kare kundi. Cibiyar ba ta jira ba, ta ba wani aikin kafin wata ya mutu. Gansakuka ta ji zafin wannan fiye da yadda ta zata, kwana biyu ba ta iya haɗiye komai ba sai ruwa.

A gida kuwa ƙarya ta shirga. Ta ce malamin da zai zo daga wata jami'a ya yi mata tambayoyi ne ba shi da lafiya, an ɗaga sai yadda hali ya yi. Inna ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, ko ya ba mu wani." Baba ya sa shi a addu'a. Ta gwammace ta yi ta ƙarya har tsufa da ta ga fuskarsa in ya gane.

Amma tana bukatar sabon tayil sittin, kuma a nan dabararta ta ƙare. Ta zaɓi wani shago can ƙarshen kasuwar kayan gini, ta je da hantsi ita kaɗai. Ta manta cewa babu mai sayar da tayil a garin da bai san Baba ba. Mai shagon ya ce ta zauna a fito mata da kaya, ya zaga baya ya buga waya: "Malam, lafiya kuwa? Ga 'yarka nan tana sayen tayil ba da kai ba." Ana cikin jera mata katan sai ga Baba a bakin ƙofa, da kayan aiki a jikinsa, siminti har gira, yana haki.

Ya dubi katan ɗin, ya dube ta. "Uwata, me na yi miki?"

Ta so ta ƙara wata ƙaryar, ta nema ta rasa. Ta ce ya zauna. Ya zauna a kan katan. Ta durƙusa a gabansa ta yi masa bayani, wannan karon ba da manyan kalmomi ba. Ta ce dattin shi ne abin da take nema. Ta ce masu gemun nan da ya nemi gafara a kansu, su ne suka yi daidai. Ta ce laifinta ne da ba ta gaya masa tun farko ba, laifinta ne kuma da ba ta gauraya ba. Ta faɗi wannan sau uku, bai ko ji ba.

Ya ce, "Wato malamin nan lafiyarsa ƙalau."

"Ƙalau, Baba."

"Shekara nawa na ci miki?"

"Ba kai ka..."

"Shekara nawa?"

"Uku da rabi."

"Aikin fa? Na bayan tasha?"

"An ba wani."

Mai shagon ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya shiga gyara kwalin da ba ya bukatar gyara. Hawaye suka gangaro wa Baba, suka yi hanya biyu a cikin ƙurar siminti, bai share ba. Tunda take ba ta taɓa ganin kukansa ba, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta rasa abin yi, sai ta jawo katan ɗaya ta fara ƙirga tayil, don dai hannunta ya sami aiki.

Tana ajiye na bakwai a kan na shida ya ɗago kai.

"Sake ajiye wannan."

Ta sake. Ya laluba aljihu ya ciro makullin gida, ya miƙa hannu, sai kuma ya tsaya cak, hannun a iska.

"In taɓa?"

"Taɓa, Baba."

Ya ƙwanƙwasa na shida, ya yi ƙara siririya. Ya ƙwanƙwasa na bakwai, ya yi wata ƙara a dakushe. Ya ce, "Waɗannan ba gashi ɗaya ba ne. Wannan wuta ba ta ratsa shi ba, zai fi ɗan'uwansa shan ruwa. Zai ɓata miki lissafi?"

A ido ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra, kuma da haka za ta kwashe su ta kai ruwa, ta ƙone shekara biyun da ba ta da wasu bayansu. Ta ce, "Zai ɓata, Baba. Sosai."

Ya sauko daga kan katan ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, makulli a hannu, kunne a karkace, hawayen bai tsaya ba. Mai shagon ya fara rantsuwa cewa duk mota ɗaya ta kawo su, Baba ya ce ya rufe masa baki yana sauraro. Ya fitar da goma sha ɗaya, ya sa aka buɗe wani katan, ya cike gurbinsu. Da sittin suka cika ya sake bin su daga farko. Ya ari injin yanka na shagon, ya ce ta tsaya a kansa kada ta matsa ko nan da can, ya yanka ya huda a gaban idonta. Ita ta juye su a ƙasa ta gauraya da hannunta, ta raba biyu.

Aka ɗaure katan. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai ya ce, "Uwata, tsaya." Ya miƙo mata hannuwansa biyu, ya buɗe tafin, ya juya bayan, ya ware yatsun.

Ya ce, "Duba da kyau. Ban shafa komai ba."